Yayana ba ƙanen mahaifina ba ne, ya Farfesa

Zuwa ga Farfesa, likitan da ya zo gidanmu a Gadarif ya ɗebi jininmu domin binciken ciwon dajin ido na yara,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da ɗalibanka. Mahaifina yana gaishe ka. Kakata Habboba ma tana gaishe ka, ta ce a tambaye ka ko har yanzu kana shan jabana, gahawar nan tamu, ba sukari, domin ba ta manta baƙon da ya yi mata haka ba.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandaren 'yan mata. Ban saba magana a gaban manya ba. Ko a aji sai malama ta kira sunana nake buɗe baki, don haka ina roƙon a yi mini uzuri idan na yi kuskuren ladabi. Ban ambaci sunanka ba, saboda ban zo don in kunyata ka ba. Ban ambaci sunan gidanmu ba, saboda akwai 'yan mata a cikinsa, mutane kuma suna da baki. Sunayen da za ka gani na yanka ne kawai, irinsu sun cika kowace unguwa. Na rubuta da Hausa domin mahaifiyata ta ji kowace kalma kafin wasiƙar ta fita daga gida. Malamata ta ilimin halittu, Ustaza Nafisa, ita za ta mayar da ita Larabci.

Da so samu ne da ban fito fili ba. Mun aika maka saƙo ba sau ɗaya ba ta adireshin da ke jikin maƙalunka. Na farko ya dawo da amsar na'ura, cewa ka tafi taron masana. Sauran ba su dawo da komai ba. Mahaifina ya tambaya a asibitin da kake aiki a da, aka ce ka daɗe da komawa wata jami'a a ƙasar waje. Wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa ce ƙofar da ta rage mini.

Na ɗaya. Ina so in tuna maka ko mu su wane ne.

Ƙanena Idrisu yana koyon tafiya lokacin da muka fara ganin wani farin abu a cikin idonsa na hagu, yana ƙyalli kamar idon mage idan an haska ta. Maƙwabta suka ce hakiya ce. Aka ɗiga masa nono, aka shafa masa kwalli, aka yi masa rubutu. Da idon ya fara kumbura aka kai shi asibiti, daga nan aka tura mu Hartum. A can aka ce saraɗan ne, ciwon daji, kuma an makara. Aka cire idon. Bayan an gama girbin dawa sai na daman ma ya kama.

A tsakanin nan ne ka zo gidanmu, kai da wani matashin likita mai riƙe maka jaka. Ina firamare a lokacin. Na tuna ka cire takalmanka kafin ka hau tabarma, ka ɗora Idrisu a cinya ka bar shi yana jan gilashinka. Ka yi wa mahaifina bayani da Larabci cewa irin wannan ciwon wani lokaci yana bin jini, kana so ka duba. Ya yarda, ya sa hannu. Ka ɗebi jininsa, da na mahaifiyata, da na Idrisu, da nawa, da na ƙanwata Maryama. Habboba ta miƙo hannunta ita ma, ta ce, "Mai allura, ni ba mutum ba ce?" Ka yi dariya ka ɗebi nata. Da za ka tafi, a bakin ƙofa, ka ce wa mahaifina za ka dawo mana da sakamako, ko ka aiko.

Idrisu ya rasu kafin damina ta zagayo. Allah ya sa mai ceto ne. Ba mu ɗora maka mutuwarsa ba, ko kaɗan. Ka same shi ne bayan aikin gama ya gama. Amma sakamakon bai zo ba, har yau.

Na biyu. Akwai kuskure a zanen zuriyarmu da ka yi ran nan, kuma ina so in bayyana yadda ya faru, domin ba wanda ya yi maka ƙarya.

A wajenmu mace tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta cewa nata ne. Da an yaye shi sai a kai shi ɗakin kaka. Kakanninmu sun zo da wannan al'ada tun daga yamma, a hanyarsu ta zuwa hajji, kuma gidaje da yawa a unguwarmu suna riƙe da ita. Ɗan farin mahaifiyata shi ne Yaya Abubakar. Habboba, wadda ta haifi mahaifina, ita ta goya shi, a ɗakinta ya girma. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta faɗi sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, ko "na ɗakin Habboba". Idan ya dawo daga gona ta ajiye masa kisra, wainar dawarmu, da miyar da ya fi so, sai ta ce wa Maryama, "Ɗauki wannan ki kai can, kada ta lalace."

Ranar da ka zo Yaya ba ya gida. Yana Gedambaliya wajen yankan riɗi. Ka tambayi Inna 'ya'yanta nawa. A gaban surukarta, a gaban baƙi maza biyu, ta sunkuyar da kai ta lissafa mu uku, ni da Maryama da Idrisu. Sai ka ga hoton wani saurayi a bango ka tambaya wane ne. Habboba ta ce, "Autana ne. Ni na goya shi, ni zan yi masa aure." Duk wanda ke ɗakin ya san abin da take nufi, ban da kai da abokin aikinka. Mahaifina yana zaune bai gyara ba, domin shi ma ɗan farinsa ne, shi ma kunyar ta hau kansa. Kai kuwa ka rubuta abin da ka ji. Ka sa Yaya a matsayin ƙanen mahaifina, ba ka nemi jininsa ba.

Ban ga laifinka a tambayar ba. Da a ce ka dawo da sakamakon kamar yadda ka yi alkawari, ka zauna a tabarmar nan ka nuna mana zanen, da kafin jabana ta huce an gyara maka.

Na uku. Yadda na ga maƙalarka.

A bana muka karanta darasin gado. Ustaza Nafisa ta koya mana zanen zuriya: murabba'i namiji ne, da'ira mace ce, wanda aka cike da baƙi shi ne mara lafiya, mai ɗigo a tsakiya yana ɗauke da abin amma bai kwanta ba. Ina ganinsa a allo na tuna takardar da ke kan gwiwarka. Na yi kwanaki ina juya maganar a raina kafin na iya tsayawa bayan darasi na faɗa mata. Sunanka ban manta ba, domin mahaifina ya daɗe yana ambatonsa duk lokacin da mota ta tsaya a ƙofar gida.

Ustaza ta rubuta sunan a wayarta, sai ga shafi da hotonka. Ka yi furfura, amma gilashin irin na da ne. A ƙarƙashin hoton akwai jerin maƙalun da ka wallafa, masu yawa, sai da ta yi ta jan shafin da yatsa kafin mu kai ƙarshe. A gefen kowace maƙala akwai lamba. Na tambaye ta ko farashi ne. Ta ce a'a, adadin masanan da suka kafa hujja da maƙalar ne a nasu rubutun. Ta ce da wannan lamba ake auna nauyin malami a jami'a, da ita ake ƙara masa girma, da ita ake ba shi damar sabon bincike. Ta ce taka lambar babba ce, abin alfahari ga ƙasa. Na ji daɗi, wallahi, domin na san ka.

Daga cikin waɗanda ke can sama akwai wadda ta yi magana a kan wani gida a gabashin Sudan. Muka buɗe. Turancina bai kai ba, amma zanen ba ya bukatar Turanci. Ga tsohuwa a sama. Ga miji da mata. Ga da'ira biyu da ƙaramin murabba'i baƙi ƙirin, an ja masa layi a kai, alamar ya mutu. Ga kuma wani murabba'i fari a gefen mahaifina, shi kaɗai, ba ɗigo, ba alamar an gwada shi. Ban san lokacin da na ɗora yatsa a kansa na ce, "Ustaza, wannan ba a nan yake ba."

Daga baya muka bi wasu daga cikin masu ambaton maƙalar. Mun ga waɗanda suka kwafi zanen kamar yadda yake. A cikin kowanne Yaya yana tsaye a gefen mahaifina. Na koma shafin bayan hutun makaranta, na ga lambar ta ƙaru. Ban san yadda masana ke ji idan tasu ta ƙaru ba. Ni dai abin da na gani shi ne an sami ƙarin mutanen da suka yarda yayana baffana ne.

Na huɗu. Abin da maƙalar ta faɗa a kanmu, wanda mu ba a faɗa mana ba.

Ustaza ta karanta ta fassara mini a hankali. Ka gano canjin da ke cikin ƙwayar gado, ka gano cewa ta wajen uwa ya zo. Da'irar Inna tana da ɗigo. Ita ba ta taɓa ciwon ido ba, har yanzu tana zura zare a allura ba gilashi, amma tana ɗauke da shi. Ɓangaren mahaifina kuwa ka rubuta cewa babu komai. Daga cikin da'ira biyu na 'yan mata, ɗaya tana da ɗigo, ɗaya ba ta da shi. Ba a rubuta shekaru ba. Ko ni ce, ko Maryama ce, ban sani ba. Masana a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba sun san wani abu a kan jinina wanda ni ban sani ba.

Na ɗauki lokaci kafin na faɗa a gida. Shekara da shekaru Inna tana zargin kanta cewa ita ta bar Idrisu a tsakar gida da tsakar rana har wani abu ya shafe shi. Wata maƙwabciya kuma ta sha zargi a ɓoye, an daina cin abincinta. Da sakamakon ya zo da bakinka, da bayani irin na likita, da an huta da wannan duka. Ni ce na zo da shi, yarinya, daga wayar malama. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To, daga Allah ne," ta tashi ta shiga madafa. Ranar ba ta ci abinci ba.

Na biyar, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Yaya Abubakar ya yi aure bara. Matarsa Zainaba ta haihu, mace, an sa mata Safiya. Yanzu jaririyar ta fara zama, tana bin cokali da ido. Idan Yaya ƙanen mahaifina ne, kamar yadda zanenka ya nuna, babu abin da ya shafi Safiya. Amma ɗan Inna ne, daga cikinta ya fito. Abin da muka koya a aji shi ne rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba, idan kuma ya gada zai iya ba 'yarsa ko da shi lafiyarsa ƙalau. A cikin maƙalarka kai da kanka ka rubuta cewa jariran irin wannan gida a riƙa duba cikin idonsu tun suna ƙanana, a kai a kai, domin idan an kama ciwon yana ƙarami ana ceton ido, ana ceton rai.

Mun kai Safiya wajen likitan ido. Ya haska fitila ya ce bai ga komai ba, alhamdu lillahi. Yaya ya roƙi a tura su inda ake ɗiga magani a duba can ciki, a kuma gwada jininsa. Likitan ya ce masu jira suna da yawa, sai da hujjar cewa abin yana cikin layinsa. Mun tafi da maƙalarka, Ustaza ta buga mana ita a takarda, muna ganin ita ce hujjarmu. Likitan ya san sunanka, har ya gyara zama da ya gani. Ya duba zanen ya ce wa Yaya, "Kai wanne ne a nan?" Yaya ya nuna. Likitan ya ce, "To ai kai kana ɓangaren uba. Je ka kwanta da hankalinka." Yaya ya yi masa bayanin riƙon kaka da kunyar ɗan fari. Likitan bai yi masa wulaƙanci ba, amma ya ce, "Ya akhi, wannan aikin Farfesa ne, duniya tana kafa hujja da shi. In ajiye shi in ɗauki labarin kakarka?"

Takardar haihuwa ba ta taimake mu ba, domin a gida aka haifi Yaya, a wani ƙauye kusa da Ƙala'at an-Nahal, ba a yi masa ita ba sai da ya girma, kuma Habboba ce ta je ta tsaya masa a matsayin uwa.

Ka ga inda muka tsaya, ya Farfesa. Yawan masu ambatonka, wanda ya ɗaga ka, shi ne ya rufe mana ƙofa. Da maƙalar ba ta da daraja da likitan ya saurari Yaya.

Yaya ba mai yawan magana ba ne. A hanyar dawowa abin da ya ce kawai shi ne riɗi yana da kwanakinsa, idan ya nuna ba a yanke ba sai kwanson ya fashe, ya zube a ƙasa, ko mutum dubu ka kawo ba za su tsince shi ba. Tun daga ranar Zainaba take ɗaukar Safiya hoto da hasken waya kowace safiya, tana duba ko za ta ga fari. Habboba tana yi mata faɗa, tana cewa za ta kashe wa yarinya ido da walƙiya, amma da ta gama faɗan sai ta ce, "Kawo in gani."

Saboda haka ina roƙonka abubuwa kamar haka, da girman Allah.

Da farko, kuma da gaggawa, ka rubuto 'yan layuka da sa hannunka, zuwa ga duk likitan da zai gani, cewa an sanar da kai mutumin da ke gefen uba a zanen ɗan matar nan ne mai ɗigo, kuma ya kamata a duba idon 'yarsa ba tare da jira ba, a gwada jininsa. Ba sai ka yarda da maganata ido rufe ba. Jinin Yaya da na Inna za su faɗi gaskiya. Amma a fara duba Safiya kafin a gama tantancewa.

Sannan ka aiko mana da sakamakonmu, kowa da sunansa, ta hannun likitan da zai zauna ya yi mana bayani da harshen da muke ji. Ni da Maryama mun yi shawara, mun yarda muna so mu sani.

Sannan ka gyara zanen a mujallar da ta buga shi. Ustaza ta ce ana yin haka, kuma ba abin kunya ba ne ga malami. Na tambaye ta ko gyaran zai rage maka lamba, ta ce ba ta tsammani. Ko da zai rage, ina roƙo ka yi.

Na ƙarshe, ba mu kaɗai ka ziyarta ba a wancan zuwan. Na san aƙalla wani gida na mutanenmu da ka shiga a bayan kasuwar dawa. Ban san abin da aka faɗa maka a can ba, amma su ma suna da ɗan fari, su ma suna da kaka. Ka sa a sake tambaya. Idan ɗalibanka za su zo nan gaba, su tambayi mace ita kaɗai, ba a gaban surukarta ba, kuma kada su tsaya a "'ya'yanki nawa". Su ce, "Wa kika fara haifa, yana ɗakin wa?"

Kafin in rufe, akwai abin da aka ce in sa. Da na gama rubutu na karanta wa mutanen gida a tsakar gida bayan la'asar, mahaifina da Habboba da Yaya da Zainaba suna zaune, Inna tana daga gefe tana tsince wake. Da na zo wajen da na ce Farfesa ba sai ya yarda da maganata ba, Inna ta ajiye faranti. Ba ta dubi kowa ba. Ta ce, "Idan shaida yake so, ki rubuta masa ni na haife shi. Ranar Laraba, da damina, kafin a kira ungozoma ya fito. Ki rubuta nawa ne." Yaya ya tashi ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba. Habboba ta ce, "Yau kam an ƙwace mini auta," tana share ido da bakin mayafi. Sunansa dai Inna ba ta faɗa ba. Amma abin da ba ta taɓa furtawa ba tun kafin a haife ni, ta furta shi saboda idon Safiya, kuma ta yarda duniya ta karanta. Ita ta yi nata gyaran. Saura naka.

Allah ya ƙara maka ilimi mai amfani, ya sa aikinka ya zama sanadin ceton yara masu yawa, ya tsare maka idon 'ya'yanka da jikokinka. Allah ya sa wannan takarda ta same ka da wuri. Amsa za ta iso mu ta hannun malamata da ta yi fassarar.

Wassalam.

'Yarka,
ɗaya daga cikin da'ira biyun nan,
Gadarif.